Ina Gamin Sakkwato da Tsibiran Teku? Fashin Baƙi Kan Tallafi, Bashi da Kujerun Duniya

Me ya sa ƙasashen da jama'ar wasunsu ba ta kai ta unguwar Mabera ba suke cika duniya da kuka, har manyan tarurruka su tsaya sauraronsu? In kuma ana rabon tallafin raya ƙasa, da wane dalili za a sa ɗan tsibirin da ke karɓar Turawa 'yan yawon buɗe ido a layi ɗaya da manomin Gada ko Tangaza, wanda rumbunsa ke ƙarewa tun kafin ruwa ya sauka?

Maganar ta taso da ƙarfi a ƙarshen watan Yunin 2025, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya kai ziyara Saint Lucia, wani tsibiri a tekun Karebiyan da mutanensa ba su kai 200,000 ba, har ya yi alkawarin guraben karatu ga ɗaliban yankin. 'Yan adawa suka ce yawon shaƙatawa ne. A majalisun hira na nan gari kuwa, abin da ake ta maimaitawa shi ne: "Mi ag gamin kifi da kaska? Mu da ko teku ba mu taɓa gani ba." Ko tafiyar ta dace da lokacinta ko ba ta dace ba, wannan gardama ce ta siyasar gida. Abin da ya cancanci a warware shi ne rigimar da waɗannan ƙananan ƙasashe suka shafe fiye da shekara 30 suna yi da tsarin kuɗi na duniya, domin ma'aunin da suke ƙorafi a kansa shi ne dai wanda ake auna mu da shi.

Su wane ne waɗannan ƙasashe?

Majalisar Ɗinkin Duniya tana da jerin ƙasashe 39 da take kira ƙananan tsibirai masu tasowa. Suna warwatse a Karebiyan, da tekun Fasifik, da tekun Atlantika, da tekun Indiya. In aka haɗa jama'arsu duka, kusan miliyan 65 ne, wato bai kai sulusin jama'ar Najeriya ba. A taron muhalli na birnin Rio a 1992 aka fara amincewa cewa matsalarsu ta daban ce. Daga nan aka riƙa shirya musu babban taro duk bayan kamar shekara goma: Barbados a 1994, Mauritius a 2005, Samoa a 2014, sai Antigua da Barbuda a watan Mayun 2024.

Shida daga cikinsu 'yan Afirka ne: Cape Verde, Gini Bisau, Sao Tome, Komoros, Mauritius da Seychelles. Biyun farko muna ƙungiyar ECOWAS tare da su. Sao Tome kuwa maƙwabciyarmu ce ta ruwa, kuma tun 2001 akwai yarjejeniyar raba man da ke tsakaninmu, Najeriya kashi 60, ita kashi 40. Komoros da Maldives ƙasashen Musulmi ne. Ko Saint Lucia ɗin da ake wa dariya, ɗanta ne Darnley Alexander wanda ya riƙe muƙamin Babban Jojin Najeriya daga 1975 zuwa 1979. Tun 1987 kuma Najeriya ke da shirin tura malaman makaranta, likitoci da ma'aikatan jinya zuwa ƙasashen Afirka da Karebiyan da Fasifik a matsayin gudummawa. Don haka alaƙar ta daɗe.

Jerin dai haɗin gambiza ne. Akwai Singafo mai arziki kamar me, akwai Haiti da talauci da rikici suka yi wa katutu. Gini Bisau da Guyana ba ma tsibirai ba ne.

Dare ɗaya, aikin shekara biyu

A watan Satumban 2017 mahaukaciyar guguwar da aka sa wa suna Maria ta bi ta kan Dominica, tsibiri mai mutane kusan 70,000. Da aka yi lissafi, ɓarnar ta kai kashi 226 cikin ɗari na duk abin da ƙasar ke samarwa a shekara. Ma'ana, a dare ɗaya iska ta kwashe abin da ya fi gumin shekara biyu na kowa da kowa. Irin haka ta taɓa samun Grenada a 2004, inda asarar ta kai ninki biyu na tattalin arzikinta.

A gwada da namu. Ambaliyar 2022 ta kashe mutum fiye da 600 a Najeriya, ta raba sama da miliyan ɗaya da gidajensu, kuma ƙiyasin Bankin Duniya ya sa ɓarnar a kusan dala biliyan 6.7. Bala'i ne babba, amma bai kai kashi 2 cikin ɗari na tattalin arzikin ƙasar ba. In ruwa ya ci Lakwaja, Kano na nan tana ciniki, Legas na nan tana karɓar haraji. Ƙaramin tsibiri ba shi da wata jiha da zai jingina da ita. Guguwa ɗaya ce za ta yaye rufin asibiti, ta karya tashar jirgin ruwa, ta kwantar da gonakin ayaba, ta rufe otal-otal ɗin da ke kawo kuɗin waje, a daidai lokacin da gwamnati ta fi buƙatar kuɗi.

Ga kuma bala'in da ke zuwa a sannu. Tuvalu, a tsakiyar Fasifik, faɗinta murabba'in kilomita 26 ne, mutanenta kusan 11,000, kuma babu inda ƙasarta ta kai tsawon mita 5 daga saman teku. Lokacin da teku ke tumbatsa, ba sai igiya ta hauro ta bakin gaɓa ba, ruwan gishiri ta ƙarƙashin ƙasa yake ɓulɓulowa a tsakar gidaje. Suna da wani nau'in gwaza da suke shukawa a cikin ramuka masu danshi, abincin kaka da kakanni. Gishiri na shiga ramin, shukar ta mutu. Ruwan sha sai wanda aka tara daga rufin kwano. Kafin teku ta shanye ƙasa, ƙishi da yunwa sun riga sun kori mutane. Shi ya sa a 2014 Kiribati ta sayi fili a ƙasar Fiji, a 2023 kuma Tuvalu ta ƙulla yarjejeniya da Ostireliya ta ba mutum 280 damar ƙaura a kowace shekara. Da aka buɗe rajista a 2025, cikin 'yan kwanaki fiye da sulusin 'yan ƙasar suka nema.

Duk hayaƙin da waɗannan ƙasashe 39 ke fitarwa bai kai kashi 1 cikin ɗari na wanda ke ɗumama duniya ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ma'aunin da ke ruɗar mai awo

A nan gizo ke saƙar. Manyan masu ba da tallafi da rance mai sauƙi suna da babban ma'auni guda: a tara duk kuɗin shigar ƙasa na shekara, a raba da yawan jama'arta. Abin da ya fito shi ne "kuɗin shigar kowane mutum". In ya yi ƙasa, ƙofar kyauta da bashi mai rangwame a buɗe take. In ya hau, sai ƙofofin su riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Ƙasar da ta haura kusan dala 14,000 ga kowane mutum, ta kuma zauna a haka shekara uku a jere, ana cire ta daga jerin masu cancantar tallafin raya ƙasa gaba ɗaya. Haka aka yi wa Seychelles a 2018, aka yi wa Antigua da Barbuda a 2022.

Tsibiran suna cewa wannan awo yana nuna abin da ke aljihunka yau, ba ya nuna yadda zai iya zubewa gobe. Ƙasar da rabin cinikinta ya dogara ga baƙi 'yan yawon buɗe ido, da annobar korona ta hana jirage tashi a 2020, sai ga ta a ƙasa warwas. Maldives ta yi asarar kusan sulusin tattalin arzikinta a shekarar. Shinkafa, fetur, siminti, magani, duk sai an yo musu jigilarsu daga nesa da tsada. Amma a takarda su "masu matsakaicin hali" ne ko ma "masu arziki", don haka in guguwa ta rushe gada, a kasuwa za su ciyo bashi da ruwa mai yawa su sake ginawa, kafin su gama biya wata guguwar ta zo.

To, mu ma wannan ma'auni bai yi mana adalci ba, ta ɗaya gefen. Najeriya a lissafin Bankin Duniya ƙasa ce mai matsakaicin kuɗin shiga na ƙasa-ƙasa, kuma ba ta cikin jerin ƙasashe mafiya ƙarancin ci gaba na Majalisar Ɗinkin Duniya. Kuɗin man Neja Delta da na bankunan Legas ake haɗawa da na mai tallan ruwa a Kwannawa a raba daidai a kan takarda. Alhali binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 kan talauci ta fuskoki da dama ya nuna kashi 63 cikin ɗari na 'yan Najeriya na ciki, Ondo kashi 27, Sakkwato kuwa kashi 91, mafi yawa a duk ƙasar. Awon ya ɓoye raunin ɗan tsibiri, ya kuma ɓoye talaucin Basakkwace.

Bayan shekaru ana naci, a watan Agustan 2024 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da sabon ma'auni mai auna rauni ta fuskoki da yawa: yanayi, nisa da kasuwa, dogaro da sana'a ɗaya, rikici da sauransu. An tsara shi ne ga duk ƙasashe masu tasowa, har da na Sahel. Sai dai amfani da shi ganin dama ne. Babu bankin da aka tilasta wa.

Tallafin: kyauta ce ko bashi?

Da yawa in an ce "tallafin ƙasashen waje" suna ɗauka buhunan kuɗi ake saukewa kyauta. Kashi uku ne a taƙaice: kyautar da ba a biya, rance mai ruwa kaɗan da dogon wa'adi, da kuma rancen kasuwa da ake yi wa kwalliya da sunan haɗin gwiwa.

A 1970 aka tsayar a Majalisar Ɗinkin Duniya cewa kowace ƙasa mai arziki ta riƙa ba da kashi 0.7 cikin ɗari na kuɗin shigarta. Fiye da shekara 50 ke nan, waɗanda ke cika alkawarin a kai a kai ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, irin su Norway, Luxembourg, Sweden da Denmark. Birtaniya ta cika na wasu shekaru, ta sauko zuwa 0.5 a 2021, sannan a Fabrairun 2025 ta ce za ta koma 0.3 don ta ƙara kuɗin tsaro. Amurka kuwa a 2025 ta rushe hukumarta ta ba da tallafi ga ƙasashen waje, USAID, ɗungurungum. Wannan ba sai an ba mu labari ba. Sakkwato na cikin jihohin da hukumar ta fi mayar da hankali a kansu, daga kula da mata masu juna biyu da jarirai a asibitocin karkara zuwa koyar da karatu da Hausa a azuzuwan farko na firamare. Sai da gwamnatin tarayya ta cusa ƙarin dala miliyan 200 a kasafin lafiya na 2025 don toshe giɓin.

Kuɗin sauyin yanayi ma haka. A taron sauyin yanayi na Kofanhegan a 2009 ƙasashe masu arziki suka yi alkawarin dala biliyan 100 duk shekara kafin 2020. Ba a cika ba sai 2022, kuma mafi yawan abin da gwamnatoci da bankunan raya ƙasa suka bayar rance ne. A irin wannan taro a Baku a 2024 ƙasashe masu tasowa suka nemi dala tiriliyan 1.3 duk shekara, aka ba su alkawarin biliyan 300 duk shekara nan da 2035. Wakilan tsibirai da na ƙasashe mafiya talauci sai da suka fice daga ɗakin tattaunawa don fushi, wakiliyar Najeriya kuma ta kira adadin abin dariya.

Ga kuma ruwan bashi. A Disamban 2024 Najeriya ta ciyo dala biliyan 2.2 a kasuwar duniya da ruwan da ya kama daga kashi 9.6 zuwa 10.4 cikin ɗari. A wannan lokacin ruwan da Jamus ke biya bai kai kashi 3 ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma na wani ya fi na wani murɗawa.

Wa ke riƙe da makullin?

Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, a 1944 aka haife su a wani taro a Amurka mai ƙasashe 44. Daga Afirka huɗu ne kawai suka halarta: Masar, Habasha, Laberiya da Afirka ta Kudu. Najeriya tana ƙarƙashin Ingila, kusan duk tsibiran nan ma 'yan mulkin mallaka ne ke riƙe da su. A waɗannan cibiyoyi ƙuri'a gwargwadon jari take. Amurka na da kusan kashi 16.5 a IMF, manyan shawarwari kuma sai da kashi 85, don haka ita kaɗai tana iya hana ruwa gudu. Akwai kuma al'adar da ba a rubuta ba: Ba'amurke ya shugabanci Bankin, Bature ɗan Turai ya shugabanci Asusun. Ngozi Okonjo-Iweala ta gwada karya ta a 2012, ba ta kai labari ba.

An ga illar wannan tsari ƙarara a watan Agustan 2021, lokacin da IMF ta raba kuɗin ajiya na musamman na dala biliyan 650 don rage raɗaɗin korona. Da yake gwargwadon jari aka raba, Amurka ta kwashi fiye da biliyan 110, duk nahiyar Afirka kusan biliyan 33, Najeriya biliyan 3.35. Wanda ya ƙoshi aka fi cika wa kwano.

A Kwamitin Sulhu ma labarin bai sauya ba. Ƙasashe biyar masu kujerar dindindin da ikon hawa kujerar na-ƙi suna nan tun 1945, kuma sau ɗaya aka faɗaɗa kwamitin, a 1965, daga kujera 11 zuwa 15. Tun 2005 matsayin Tarayyar Afirka shi ne kujeru biyu na dindindin masu cikakken iko. A Satumban 2024 gwamnatin Amurka ta lokacin ta ce ta yarda da kujeru biyun amma ba tare da ikon na-ƙi ba, ta kuma kawo shawarar kujera ɗaya ta karɓa-karɓa ga tsibirai. Har yanzu magana ce. Abin da aka samu a hannu kaɗan ne: Tarayyar Afirka ta shiga ƙungiyar G20 ta manyan ƙasashe masu ƙarfin tattalin arziki a 2023, Afirka kudu da Sahara ta samu kujera ta uku a hukumar gudanarwar IMF a 2024.

Abin da ƙananan suka ƙwato

Abin mamaki, mafi yawan ɗan gyaran da aka samu, waɗannan ƙananan ne suka ja gaba. A Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ƙuri'ar Tuvalu ɗaya ce, ta Indiya ma ɗaya ce, kuma tun 1990 suka kafa ƙawance suna magana da murya guda. Su suka nace sai da aka sa iyakar digiri 1.5 na ƙarin zafi a yarjejeniyar Paris ta 2015. Mu da ke ganin zafi ya haura digiri 40 a Maris da Afrilu, wannan iyaka ta shafe mu kai tsaye.

Vanuatu ce a 1991 ta fara kawo shawarar a kafa asusun biyan waɗanda hauhawar teku ta yi wa ɓarna. Ƙasashe masu masana'antu suka yi ta kauce wa maganar shekara 31, don tsoron kada a ce sun amsa laifi. Sai a taron Sharm el-Sheikh na Masar a 2022 aka amince da asusun asara da ɓarna, a Dubai a 2023 aka yi masa alkawarin kusan dala miliyan 700. Adadin da sauraro kamar da yawa, amma kusan kashi ɗaya cikin goma ne na ɓarnar ambaliyarmu ta 2022 kaɗai.

Sai batun dakatar da biyan bashi in bala'i ya auku, wanda Firaministar Barbados, Mia Mottley, ta ɗauko ta yayata a shirin da ta ƙaddamar a 2022 na gyara tsarin kuɗi na duniya. Duk wanda ya zauna gaban malam a zaure ya yi karatun fikihun Malikiyya ya ci karo da babin ja'iha: mutum ya sayi 'ya'yan itace tun suna bisa, kafin ya tsinke sai fara ko ƙanƙara ta afka musu, in abin da ya lalace ya kai sulusi ko fiye, ana sauke masa gwargwadon haka daga kuɗin. Sharaɗin da tsibiran suka samu bai ma kai nan ba. Jinkiri ne kawai ake yi musu na ɗan lokaci, bashin na nan daram. Duk da haka sai da aka kai ruwa rana kafin Bankin Duniya ya amince da shi a 2023. Grenada ce ƙasa ta farko da ta yi amfani da irinsa a kan masu binta bashi na kasuwa, bayan guguwar Beryl ta 2024.

Na baya-bayan nan shi ne na kotu. Ɗaliban shari'a ne a wata jami'ar yankin Fasifik suka fara kiran a 2019, Vanuatu ta ɗauka, har ranar 23 ga Yulin 2025 Kotun Duniya da ke Hague ta ba da fatawa, alƙalanta duka baki ɗaya, cewa kare yanayi wajibi ne a dokar ƙasa da ƙasa, kuma wanda ya saɓa ana iya neman diyya a wurinsa. Fatawar ba ta da ƙarfin tilastawa. Kuma takobi ce mai kaifi biyu, domin ta ambaci haƙo mai da ba da lasisinsa, Najeriya kuwa na cikin ƙasashen da suka fi ƙona iskar gas a banza.

Masu suka ma ba su rasa hujja ba

Ba daidai ba ne a mayar da tsibiran waliyyai. In aka raba tallafi da yawan jama'a, ɗan Tuvalu na samun dubban daloli a shekara, ɗan Najeriya kusan dala 20 ko ƙasa da haka. Bankin Duniya ma tun 1985 yake da sassauci na musamman da ke ba wasu ƙananan tsibirai rance mai rangwame ko da kuɗin shigarsu ya wuce iyaka. Amsar da suke bayarwa ita ce, filin jirgi da tashar ruwa da asibitin tiyata kuɗinsu ɗaya ne ko mutum 11,000 za su yi wa aiki ko miliyan. Hujja ce mai ƙarfi, amma ba ta goge gaskiyar cewa tukunyar tallafi na raguwa ba, kuma duk cokalin da aka ɗiba wa wani, an rage na wani.

Wasunsu kuma suna da sana'o'in da ke cutar da mu. Dominica, Saint Kitts, Grenada, Vanuatu da ita kanta Saint Lucia suna sayar da takardar zama ɗan ƙasa ga mai kuɗi, kuma attajiran Najeriya na cikin masu saye. Wasu sun zama mafakar kamfanoni masu gudun haraji. Senegal da Zambiya sun soke yarjejeniyar harajinsu da Mauritius a 2020 saboda asarar da suka ce suna yi. Nauru ta taɓa zama cikin ƙasashe mafiya arziki ga kowane mutum saboda ma'adinin takin zamani, aka yi facaka da dukiyar, aka bar tsakiyar tsibirin kufai. Masu bayarwar ma ruwa ba ya tsami banza: Sin da Taiwan sun daɗe suna zawarcin ƙuri'un tsibirai da ayyuka, Ostireliya kuma, wadda ke cikin manyan masu sayar da kwal a duniya, a yarjejeniyarta da Tuvalu ta samu ta cewa a kan duk wata hulɗar tsaro da Tuvalu za ta ƙulla da wata ƙasa.

Duk da haka, ni dai ina ganin ribar tafiya tare da su ta fi hasararta. Gardamar da suke yi a kan ƙa'ida ce, kuma in ƙa'ida ta sauya, ba su kaɗai ke shiga ta ƙofar ba.

Inda abin zai iso mana

Wanda ya ga damina ta 2010 bai buƙatar a yi masa bayanin "asara da ɓarna". A watan Satumban shekarar ruwa ya fi ƙarfin madatsar Goronyo da kogin Rima, ya malale ƙauyuka da gonaki a Goronyo, Wurno, Kware da maƙwabtansu, ya karya gadar da ke haɗa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da gari, har aka koma shiga kwalekwale. Gero da dawa da shinkafa suna dab da girbi ruwa ya kwantar. Manomin da ya ci bashin taki da niyyar biya da kaka ya wayi gari ba amfanin gona, ba rumbu, bashin kuma na nan. A 2018 madatsar nan dai ta ƙafe har ruwanta ya koma kusan kashi 10 cikin ɗari, masu noman rani na albasa da alkama suka shiga zullumi, birni ya shiga ƙarancin ruwan famfo. Yau ruwa ya yi yawa, gobe babu.

Kuɗin da ke zuwa mana da sunan yaƙi da wannan matsala, mafi yawansa bashi ne. Shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasar noma a jihohin Arewa 19 da Abuja, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a ƙarshen 2021, rance ne na dala miliyan 700, mai sauƙin ruwa amma za a biya. Najeriya na cikin ƙasashe uku da sashen rance mai rangwame na Bankin ya fi bi bashi. Saboda haka duk sassaucin da aka samu a sharuɗɗan irin wannan rance, ko faɗaɗa dakatar da biya har ya haɗa da fari da ambaliya a manyan ƙasashe, zai taɓa abin da ke saura a kasafi na asibiti da makaranta.

Asusun asara da ɓarna ya ware dala miliyan 250 don zangon farko, kowace buƙata tsakanin miliyan 5 zuwa 20, kuma aƙalla rabin kuɗin an keɓe shi ga tsibirai da ƙasashe mafiya ƙarancin ci gaba. Nijar na cikin wannan rukuni, Najeriya ba ta ciki. Manomin Birnin Ƙonni da na Illela, 'yan kilomita ne tsakaninsu, hadari ɗaya ke sauka a gonakinsu, ƙila ma surukai ne, amma layinsu daban: na Illela zai yi gogayya a ragowar rabin da ƙasashe irin su Pakistan da Filifin.

Ko a wannan rabin, takardar nema daga Abuja za ta fita, kuma jihohi 36 ne ke da abin faɗa, daga zaizayar ƙasa a Anambra zuwa cin gaɓar teku a Bayelsa zuwa ambaliyar Maiduguri ta 2024 da ta Mokwa ta 2025. Irin waɗannan asusu ba sa biya da labarin baki. Suna neman a nuna kadada nawa ruwa ya ci, gida nawa ya rushe, rijiya nawa ta ƙafe, a wace gunduma, a wace shekara. Dominica ta iya ajiye wa duniya adadin nan na kashi 226 cikin ɗari ne saboda cikin kamar wata biyu da guguwar an zagaya an ƙididdige komai, daga rufin makaranta zuwa kwalekwalen masunta. A nan wannan aikin yana wuyan hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha, da ma'aikatar muhalli, da masanan da ke jami'o'inmu, kuma tun ana cikin damina ake yin sa, kafin laka ta bushe a manta iyakar inda ruwa ya kai.